Ziyarar gaɓar Kogin Gaji da bangon dutsen Yankari: amsa ga wani malamin makaranta

Tambaya: Wani malamin makarantar sakandare daga Gombe ya rubuto cewa yana shirin kai ɗalibansa Gandun Daji na Yankari, kuma ba ya so tafiyar ta ƙare a wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki da ɗaukar hoto kawai. Ya ji ana maganar bangon dutsen da ke bakin ruwa da kogunan dutse, wato ɗakunan da mutanen zamanin da suka haƙa a jikin dutse, don haka yana so ya san lokacin da ya fi dacewa a je, da abin da ya kamata a duba, da haɗurran da za a kiyaye.

Amsa: Malam, shawarar da ka yanke ta dace, domin yawancin baƙin Yankari suna komawa gida ba tare da sun fahimci wurin da suka je ba. Abin da zan roƙe ka da shi kafin komai shi ne ka gina tafiyar a kan abu biyu, wato dutse da ruwa, saboda duk abin da ɗalibanka za su gani a dajin nan, daga giwa zuwa kogon dutse, dangantakar waɗannan abubuwa biyu ce ta ajiye shi a inda yake. Idan suka riƙe wannan, ko da ba su yi dacen ganin giwa ba, ba za a ce tafiyar ta tashi a banza ba.

Gandun yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Kusan dukkan wannan fili yana zaune ne a kan shimfiɗar dutsen yashi da masana duwatsu ke kira shimfiɗar Kerri-Kerri, wadda a ƙarƙashinta akwai wata da ta girme ta, mai suna shimfiɗar Gombe. Dutsen yashi ba kamar baƙin dutsen da aka saba gani a kewayen garin Bauchi yake ba. Shi rairayi ne da ya danƙare a tsawon zamani, akwai ƙananan kafofi a tsakanin ƙwayoyinsa, saboda haka yana shanye ruwan sama kamar yadda soso ke yi. Ruwan da ke sauka a shekara, wanda yake tsakanin milimita 900 da 1,000, ba ya daɗewa a kan tudu. Yana nutsewa, ya yi tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa, har sai ya iso inda Kogin Gaji ya yanka dutsen ya yi kwari, sannan ya ɓullo a gindin bangon dutse a matsayin maɓuɓɓuga. Wannan ne dalilin da ya sa idan rani ya yi nisa za ka yi tafiya mai tsawo a saman tudu ba ka ga ɗigon ruwa ba, amma da zarar ka gangaro kwarin Gaji sai ka tarar da fadama kore shar da ruwa mai gudana.

Mafi sauƙin wurin da za ka nuna wa yara wannan da idonsu shi ne Wikki kanta. Daga masauki akwai matakala mai tsawo da ake sauka ta kai mutum bakin ruwan, kuma ina ba ka shawara kada ka bar kowa ya shiga ruwa sai kun fara tsayawa kun dubi inda yake fitowa. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani jan bangon dutse, garau, har ana ganin rairayin da ke ƙasansa, kuma ɗuminsa yana tsaye a kan digiri 31 a ma'aunin Salshiyas dare da rana, damina da rani. Ɗumin ya samo asali ne daga zurfin da ruwan ke kaiwa kafin ya dawo sama, domin zafin cikin ƙasa yana ƙaruwa gwargwadon yadda aka yi ƙasa. Tsabtarsa kuwa aikin dutsen yashin ne, wanda ya tace shi a hanya. Ka sa ɗalibai su dubi jikin bangon su lura da layukan da ke kwance ɗaya a kan ɗaya, wasu ja, wasu fari-fari, wasu masu tsakuwa, domin kowane layi shaida ce ta wani zamani da ruwa ya kwaso yashi ya jibge. Akwai wasu maɓuɓɓugai masu ɗumi a gandun, kamar Dimmil da Gwan da Nawulgo, amma Wikki ce mafi girma kuma ita ce aka gyara wa baƙi.

Game da lokaci, amsar tana fitowa daga bayanin da ya gabata. Damina a wannan yanki tana farawa wajen watan Mayu ta kai Satumba, kuma a lokacin ruwa yana ko'ina, dabbobi sun warwatsu cikin daji, gamba ta fi tsayin mutum, hanyoyin cikin gandun kuma sun jiƙe. Daga ƙarshen Disamba, sa'ad da ciyawa ta bushe kuma tafkunan tudu suka ƙafe, manyan dabbobi ba su da zaɓi sai su gangaro Gaji, har an taɓa ƙiyasta cewa sashen kwarin da giwaye ke amfani da shi da rani bai wuce kimanin murabba'in kilomita 40 ba. Watannin Maris da Afrilu su ne dabbobi suka fi taruwa, sai dai zafin rana yana iya haura digiri 40, kuma ban ga hikimar hawa da sauka a gefen dutse da yara a irin wannan bazara ba. A ganina ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu shi ne daidai ga makaranta, domin dabbobi sun riga sun matso ruwa, zafi kuma bai tsananta ba. Ku zo da rigunan sanyi da barguna, saboda da hunturu sanyin dare yana iya sauka zuwa wajen digiri 12, kuma ku san cewa idan hazo ya yi kauri hangen nesa daga saman dutse yana raguwa. Ku kauce wa ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da masauki ke cika, hayaniya kuma ke korar duk wani abin kallo.

Tun da daga Gombe za ku taso, za ku bi hanyar Bauchi, ku wuce garin Alkaleri, ku karya a Dindima zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar shiga take. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su ɗauka isowa ƙofa isowa Yankari ne, alhali daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji. Ku yi sammako don ku isa da rana tsaka, ku huta, ku shiga ɗan gidan tarihin da ke masaukin, sannan ku fita zagayen yamma. Tarihin wurin a taƙaice shi ne an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi a 2006.

Zagayen kallon namun daji ana yin sa ne a mota tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan gandun, da sassafe ko bayan la'asar, kuma akasarin hanyoyin suna bin gefen kwarin Gaji. A nan nake so ka sa ɗalibai su kalli itatuwa kafin su fara neman dabbobi. A saman tudu za su ga kawo da taura da taramniya, yawancinsu sun zubar da ganye, ƙasa kuma ta yi fayau; yayin da motar ke gangarawa sai itatuwan su ƙara tsayi da duhu, a fara ganin ɓaure da kanya da maɗaci da giginya, iska ma ta canza ta yi sanyi. Wannan sauyi yana faruwa ne cikin tazara ƙanƙanuwa, kuma babu zanen allo da zai koyar da shi yadda ganinsa zai koyar. Daga dabbobi, waɗanda ake yawan dacewa da su su ne gwambaza da mazo da mugun dawa da gwaggon biri da jan biri, wani lokaci kuma ɓauna da gwanki da kanki, sai dorina da kada a inda ruwa ke da zurfi.

Ka gaya wa yara gaskiya tun daga gida cewa ganin giwa ba tabbas ba ne. Ƙiyasin da aka daɗe ana bayarwa shi ne akwai tsakanin 100 da 150 a Yankari, wanda ya sa garken yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma garke ne da ya sha wahalar maharba masu neman haure, saboda haka yana gudun mutum. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniyar aiki da gwamnatin Bauchi a 2014, ta tallafa wa sintirin masu gadin daji, kuma wannan sintiri ne ya rage kisan giwaye ƙwarai. Zaki yana nan amma kaɗan ne matuƙa, kuma wanda ya ji rurinsa da dare ma ya yi sa'a. Idan wani ɗalibi ya tambayi raƙumin dawa, a gaya masa ya ƙare a wannan daji tuntuni, kuma waɗanda ake gani a Jihar Bauchi yanzu suna gandun Sumu ne, inda aka kawo su daga Namibiya. Wannan darasi ne mai ɗaci, amma ya kamata yaro ya ji shi a tsaye a wurin da abin ya faru.

Akwai abin kallo guda da ya shafi gaɓa kai tsaye wanda baƙi ke wucewa ba su lura ba. An lissafa nau'in tsuntsaye fiye da 350 a Yankari, kuma daga cikinsu akwai wasu ƙanana masu koren baya da jan maƙogwaro, masu kama ƙudan zuma a cikin iska, waɗanda ke haƙa ramuka a jikin gaɓar da ta tsaya a miƙe su yi sheƙa a ciki, da yawa a wuri ɗaya, har gaɓar ta cika da huji. Da rani suke ƙwai, wato daidai lokacin da za ku je. Sun zaɓi miƙaƙƙiyar gaɓa ne saboda maciji da damo da sauran masu cin ƙwai ba sa isa gare ta cikin sauƙi. Idan ɗan rakiya ya nuna muku irin wannan wuri, a kashe mota, a yi shiru, a kalla daga nesa da madubin hangen nesa, kuma kada kowa ya taka saman gaɓar, domin nauyin mutum ɗaya yana iya rufta ramuka da dama da 'ya'yan da ke ciki.

Sai kogunan dutse, waɗanda nake ganin su ne zuciyar tafiyar da ka tsara. Ana kiransu kogunan Marshall, da sunan P. J. Marshall, mai binciken da ya bayyana su a 1980, kuma adadinsu 59 ne, an haƙa su a jikin bangon dutsen yashi, tafiyar 'yan kilomitoci daga masaukin Wikki. Kowanne yana da ƙaramar ƙofa zagayayya da sai da rarrafe ake shiga, daga ciki kuma sai ɗaki ya buɗe. Akwai zane-zane da aka sassaƙa a jikin dutsen, wasu miƙaƙƙun layuka, wasu masu karkace-karkace. Fahimtar da ta fi yaɗuwa ita ce mutane sun haƙa su ne don su ɓuya a zamanin yaƙe-yaƙe da farmakin kama bayi, kuma yanayin wurin yana goyon bayan wannan fahimta. Ka tara ɗalibai a gindin bangon ka tambaye su me ya sa mai neman mafaka zai zaɓi nan. Da ɗan taimako za su gano da kansu cewa dutsen yana da laushin da za a iya sassaƙa shi da ƙarfe na hannu, yana kuma da ƙarfin da rufin ba zai faɗo ba; cewa ƙaramar ƙofa a jikin bango mai tsayi tana da wuyar hangowa kuma mutum ɗaya zai iya tsare ta; kuma cewa ruwa yana kusa a cikin kwari, wanda idan babu shi ɓuya ba ta yiwuwa fiye da 'yan kwanaki. Dalilin da ya kawo giwa kwarin nan da rani shi ne dai ya kawo waɗannan mutane.

Laushin da ya sauƙaƙa wa mutanen zamanin da aikin haƙa shi ne kuma yake sauƙaƙa wa baƙon yau ɓarna. Makulli ko ƙusa ko tsinin biro ya isa ya karce dutsen, kuma abin da aka karce ba ya gyaruwa. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai, domin duk sunan da yaro ya rubuta a kan tsohon zane ya shafe wani abu da ba a gama nazarinsa ba. Ka kafa doka tun a mota cewa ba rubutu, ba gawayi, ba alli, ba ɓantarar dutse don tsaraba, kuma ba shafa zanen da hannu. Wanda yake son ya tafi da wani abu, ya kwafi zanen a littafinsa ko ya ɗauki hoto.

Idan lokaci ya ba ku dama, ku nemi a kai ku rijiyoyin Dukkey, waɗanda suka haura 130 kuma aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa, da kuma kufan da tsofaffin murhunan narka tama suke tsaye a Shau Shau. Duka biyun suna nuna cewa dajin da ake gani yau babu kowa a da can mazaunin manoma da maƙera ne. Idan kwana ɗaya kawai za ku yi, kogunan dutsen sun wadatar.

Yanzu ga haɗurra, kuma na farko shi ne bakin dutsen kansa. Dutsen yashi yana zaizayewa ne daga ƙasa, inda ruwa da laima ke cin gindinsa, don haka gefen da mutum ke gani daga sama kamar ƙasa mai ƙarfi yana iya zama leɓe ne da babu komai a ƙarƙashinsa. Ga kuma tsakuwa da rairayi da ke kwance a kai, waɗanda ke zamar da takalmi mai santsi. Ka ja layi a ƙasa da sanda, taku huɗu ko biyar daga bakin, ka ce ba mai tsallake shi, musamman don ɗaukar hoto, domin mai ɗaukar hoton kansa yana juya wa ramin baya. Kowa ya sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ban da silifa. A wajen hawa, a bi ɗaya bayan ɗaya da tazara, saboda dutsen da na sama ya tunkuɗo kan na ƙasa yake faɗawa. Kada kuma a zauna hutawa daf da gindin bango a inda aka ga sababbin ɓaraguzai, domin su ne alamar wurin da ke zubowa.

Kafofin dutse gida ne ga zuma da maciji. Ƙudan zuma suna kafa saƙa a tsagar bango, kuma hayaniya da hayaƙi da turare mai ƙarfi suna tayar da su. Idan suka taso, a rufe fuska da riga a bar wurin ta hanya mai lafiya ba tare da guje-guje a gefen dutse ba. Ka tambayi iyaye tun kafin tafiya ko akwai yaron da harbin zuma ke kumbura masa jiki ko ya toshe masa numfashi. Game da maciji, kai da ka fito daga Gombe ba sai an gaya maka sharrin kububuwa ba, tun da asibitin Kaltungo ya yi suna ne a kan jinyar saranta, kuma tana son irin wannan busasshiyar ƙasa mai duwatsu. Kada yaro ya zura hannu a rami ko ya ɗaga dutse, kuma ɗan rakiya ne zai fara haska kogo da tocila kafin kowa ya leƙa. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko agogo, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar maganin dafi, domin dafin kububuwa yana hana jini daskarewa kuma tsagawa tana ƙara zubarsa.

A bakin kogi doka ɗaya ce, ba a sauka daga mota sai inda ɗan rakiya ya ce a sauka, kuma ba a wanka ko alwala a Gaji. Dorina tana fitowa kiwo da dare ta koma ruwa da asuba, kuma wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya shiga babban haɗari. Kada yana kwanciya a ruwan da ake gani kamar ba komai. Ɓauna kuma tana ɓuya a cikin doguwar ciyawar fadama. A Wikki ma, ka raba waɗanda suka iya iyo da waɗanda ba su iya ba, domin kusa da inda ruwan ke fitowa zurfin ya fi tsayin yawancin yara, kuma a sa babba ɗaya a tsaye a gaɓa wanda aikinsa ƙirga kawuna ne kawai. Ƙudan tsando yana da yawa a inuwar bakin kogi, cizonsa da zafi, kuma baƙin tufa da shuɗi suna jawo shi, don haka a sa riguna masu dogon hannu masu launin ƙasa. Gwaggon birin masauki kuwa ya saba da mutane har ya daina tsoro, yana fizge leda daga hannu kuma yana shiga ɗakin da aka bari a buɗe; a kulle ƙofa da taga, kada a ci abinci a fili, kuma kada a ba shi komai, domin bayarwar baƙi ce ta lalata shi.

Abu na ƙarshe shi ne shiri da hukuma. Wasu yankunan Alkaleri da ke kewaye da dajin sun fuskanci matsalar 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, saboda haka kafin ka karɓi kuɗin kowa, ka tuntuɓi hukumar gandun kai tsaye ka ji halin da ake ciki a makon da za ku je, da wuraren da aka yarda a kai baƙi, da kuɗin shiga da na masauki da na motar zagaye, ka kuma sanar da su cewa kuna son zuwa kogunan dutse don a tanadar muku ɗan rakiya da motar da za ta iya hanyar. Ka karɓi izinin iyaye a rubuce, ka samu malami ɗaya ga kowane yara 10, da malama idan akwai 'yan mata, ka ɗauki ruwan sha fiye da yadda kake zato da akwatin taimakon gaggawa da gishirin zawo, kuma ka cika tankin mota kafin ku bar babbar hanya. Kada ka dogara da layin waya a cikin daji. Ranar komawa ku bar masauki bayan azahar, yadda za ku fita ƙofar Mainamaji ku hau titin Gombe tun rana tana sama.